Kotun da ba ta da alƙali



Akwai labarin da na daɗe ina ɓoyewa saboda kunya. Dattawan da muke salla tare sun san shi, wasu ma har yau in suna son su zolaye ni sai su ce, "Malam, yaushe ne zaman kotun?" Ban taɓa niyyar rubuta shi ba. Abin da ya sa na ɗauki biro shi ne, makon jiya na ga wani yaro mai tsire yana neman faɗawa ramin da na faɗa, kuma nasa ramin ya fi nawa zurfi. Sai na ce gara in tona asirin kaina, in dai wani zai tsira.

Na zo Inugu a 1991, shekarar da gwamnatin Babangida ta ɓalle ta daga tsohuwar Anambara ta mai da ita jiha. Ina saurayi na biyo motar wake daga Dawanau, muka bi ta Lafiya da Makurɗi da Otukpo da Obollo Afor, muka sauko ta Ninth Mile. Karatuna na allo ne da Islamiyya. Na sauke Alƙur'ani, na yi Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, na taɓa Ajurumiyya. Boko kuwa iyakacina abin da zan rubuta suna da lissafi. Turancina a kasuwar Ogbete na tsince shi, wato buroka, haɗe da Ibancin da zai ishe ni ciniki da gaisuwa. Shekara kusan talatin ina saye da sayarwa da shi, ba a taɓa cutata don rashin jin magana ba. Saboda haka na sakankance cewa ina jin Turanci. To, ashe da sauran rina a kaba.

Akwai wata Madam da muka shekara goma sha huɗu muna hulɗa. Tsohuwar malamar makaranta ce, da ta yi ritaya sai ta shiga kai kayan abinci makarantun kwana. A wurina take ɗaukar wake. Amanar da ke tsakaninmu ta kai in ba ta buhu talatin ba takarda ba shaida, sai ƙarshen zangon karatu ta kawo kuɗina cif. Ranar sunan autana ta zo har gida da atamfa da sabulu. Lokacin da mijinta ya kwanta asibiti ni ma na je dubiya har sau biyu. Irin wannan zaman ne.

A watan Satumba na 2019, makarantu na shirin komawa, ta ba ni kafin alƙalami na buhu talatin. Kun san a wannan lokaci sabon wake bai shigo ba, sai tsoho na ajiya. Motar da ta ɗauko kayan ta lalace a hanya bayan Makurɗi, ta kwana uku a gefen titi ana tafka ruwa, tamfol ɗin kuma ya yage ta gefe ɗaya. Da kaya suka iso ban buɗe kowane buhu ba, na soka ƙarfe a biyar ko shida, na ga lafiya, na sa 'yan dako suka loda mata. Bayan kwana biyu ta bugo waya: buhu goma sha ɗaya sun yi laima, ƙwari sun huda su, makaranta ta ƙi karɓa. Na ce mata asarar hanya ce, a raba ta biyu. Ta ce ita ba ta sayi hanya ba, wake ta saya. Murya ta ɗan ɗaga, tawa da tata, muka ajiye waya kowa ransa a ɓace.

Da daddare sai ga saƙo mai tsawo ya shigo wayata. Da Madam ke magana da baki, buroka take yi mini. Amma in ta zauna rubutu sai malantar ta motsa, ta zubo Turancin littafi. Da safe na miƙa wa yaron shagona, wanda ya gama sakandare, na ce karanta mini. Ya fara fassarawa daidai: ta ce ko dai in canza mata buhu goma sha ɗayan, ko in cire kuɗinsu daga lissafi. Sai ya zo wani wuri ya tsaya. Abin da ke rubuce shi ne, "The ball is in your court." Ya sake dubawa, ya sosa ƙeya, ya ce, "Alhaji, ta ce maganar tana kotu."

Wallahi ji na yi kamar an watsa mini ruwan zafi. Kalmar ƙarshen nan ni ma na san ta, ba sai an fassara mini ba. Na fizge wayar daga hannunsa, ban bari ya ƙarasa ba. Kotu? Ni? A kan wake buhu goma sha ɗaya, bayan shekara goma sha huɗu?

Ku ji abin da na aikata cikin kwana huɗu, don a nan ne darasin yake. Kafin azahar duk layinmu sun ji cewa Madam ta maka ni a kotu, kuma daga bakina suka ji. Nan take maganar ta tashi daga ni da ita, ta koma mu da su. Wani ya ce, "Ai halinsu ke nan, ko shekara ɗari ka yi da su." Mutum biyu da take sayen albasa da gyaɗa a wurinsu suka ce sun daina sayar mata. Wani matashi cikin 'yan dako ya ce in motarta ta sake shigowa layin babu mai ɗora mata ko tiya ɗaya. Ni kuma na je ofishin wani lauya, ban same shi ba, na biya kuɗin ganawa a wurin akawunsa, aka ce in jira sammaci ya zo. Ban nuna wa kowa saƙon ba, don a ganina na riga na san abin da ke ciki. Madam ta kira ni sau huɗu na ƙi ɗauka, saboda wani ya ba ni shawara cewa in magana ta je gaban alƙali ba a ƙara yin ta a waya.

Mafi muni shi ne abin da na yi a masallaci. Kun san in liman ya yi tafiya ni ke jan salla, kuma ni ke ɗan karatu tsakanin magariba da isha. Daren Alhamis na ajiye babin da muke kai, na yi magana a kan cin amana da butulci. Ban kama suna ba, amma babu wanda ke zaune a wurin da bai san da wa nake ba. Na hau kujerar karatu na rama abin da ke raina. Allah Ya yafe mini.

Ranar Asabar 'yata da ke karatu a jami'ar Nsukka ta zo hutun ƙarshen mako. Ta ga an kawo mini tuwo na ture, uwarta ta raɗa mata dalili. Ta zo ta durƙusa ta ce, "Baba, in ga takardar kotun."

Na ce, "Ba ta iso ba tukuna."

Ta ce, "To wa ya ce an kai ka?"

Na miƙa mata wayar. Ta karanta sau ɗaya, ta sake karantawa, sai na ga ta ja mayafi ta rufe baki, kafaɗunta na rawa. Na ce, "Ke, ubanki ake shirin tozartawa kike dariya?"

Ta ce, "Baba, don Allah ka yi haƙuri. Wannan kotun ba ta da alƙali."

Ta zauna ta yi mini bayani. Akwai wasan da Turawa ke yi da ɗan ƙaramin ƙwallo da faifan raga, mutum biyu, an ja raga a tsakaninsu, wato tanis, irin wanda manya ke bugawa a kulob ɗin wasanni na garin nan. Filin da ake buga shi, sunansa ɗaya da ɗakin shari'a a Turanci. In abokin wasanka ya doko ƙwallo ya faɗo ɓangarenka, to shi ya yi nasa, saura kai. Shi ne suka mai da shi salon magana. In mutum ya ce maka ƙwallo na filinka, yana nufin na faɗi tawa, wuƙa da nama suna hannunka, abin da ka yanke shi ke nan.

Sai ta ce, "Baba, an karanta maka layin da ke ƙasa?" Na ce a'a. Ta karanta. Madam ta rubuta cewa shekara goma sha huɗu ban taɓa cutarta ko da mudu ɗaya ba, shi ya sa ta bar mini hukuncin, duk abin da na ga ya dace ta yarda.

Jama'a, matar da na tsaya a masallaci ina yi wa habaici, ashe girmama ni ta yi.

Daren nan ban runtsa ba. Abin da ya fi ci mini rai, ni ne mai karantar da mutane labarin Adiyyu ɗan Hatimu, Allah Ya yarda da shi, kowane watan azumi. Da ayar sahur ta sauka tana zancen farin zare da baƙin zare, sai ya samo igiya biyu, fara da baƙa, ya sa ƙarƙashin matashinsa yana dubawa cikin dare, har Manzon Allah, tsira da aminci su tabbata a gare shi, ya fahimtar da shi cewa hasken alfijir da duhun dare ake nufi. Shi Balarabe ne ɗan Balarabe, a cikin harshensa. Ni ne kuma mai ba da labarin iyayen muminai, da aka gaya musu cewa wadda ta fi su tsawon hannu ita za ta fara riskar Annabi bayan wafatinsa, suka riƙa gwada hannuwansu. Sai da Nana Zainab 'yar Jahshi ta riga su rasuwa suka gane yawan sadaka ake nufi. Ku duba fa: tsawon hannu a can kyauta ce, mu kuwa a Hausa in an ce yaro yana da dogon hannu, ɓarawo ne. Kalma iri ɗaya, ma'ana gabas da yamma. Malamanmu na balaga sun ba abin suna, majazi da kinaya. Na karanta, na karantar, amma da aka zo kaina ban tsaya na tambayi kaina tambaya ɗaya ba: me ya kawo ƙwallo cikin zancen wake?

Kuma mu Hausawa ai mu ne sarakan wannan abu. Muna cin kasuwa, mu ci riba, mu ci bashi, mu ci amana, mu ci mutunci, babu wanda ya sa loma a baki. Muna shan iska, mu sha wuya, mu sha alwashi. Muna kashe kuɗi, mu kashe aure, mu kashe wuta. Na tuna wani maƙwabcin rumfata, Ibo, yana koyon Hausa, ya ji ana cewa wane ya kashe dubu ɗari biyar a bikin 'yarsa, ya zaro ido ya ce, "Ya kashe su wa?" Muka yi ta dariya har da riƙe ciki. Ban san nawa na tafe ba.

Ranar Lahadi da yamma, bayan sun taso coci, na ɗauki dattijo ɗaya daga cikinmu da 'yata, na sayi goro, muka tafi gidan Madam. Kafin mu tafi na sa an ware buhu goma sha ɗaya masu kyau, na duba kowanne da hannuna. Mijinta ya tarbe mu. Bisa al'adarsu ba a fara magana sai an fasa goro, sai ya karɓi namu ya yi godiya, ya fito da irin nasu mai ɓare uku ko huɗu. Ya ɗaga shi ya ce mana da buroka mu yi haƙuri, zai yi fatan alherin da Ibanci, domin a wurinsu goro ba ya jin Turanci. Ban san lokacin da na ce, "Oga, ashe ni da goro jirgi ɗaya ya kwaso mu" ba. 'Yata ta fassara, aka yi dariya, falon ya ɗan saki.

Amma Madam ba ta yi dariya sosai ba. Labari ya riga ya je mata daga kasuwa. Ta dube ni ta ce, "Alhaji, ni zan kai ka kotu? A kan wake?" Ta ce a makon nan sai da ta je wani wuri ta sayi wake da tsada don kada yaran mutane su kwana da yunwa, kuma mutanen da ta saba gaisawa da su a layinmu sun ɗauke mata kai ba ta san laifinta ba. Na rasa ta cewa. Na ba ta haƙuri, na gaya mata gaskiyar yadda aka yi, ban ɗora wa yaro ba. Ta yi shiru can, sai ta ce, "Let us bury the hatchet." Gabana ya sake faɗuwa, don na ji kalmar binnewa. Na waiga wajen 'yata. Ta raɗa mini, "Sulhu take nufi, Baba. A binne gatari." Daga baya ta gaya mini asalinsa: mutanen Amurka na asali, jajayen fata, in ƙabila biyu suka daina yaƙi sai su haƙa rami su binne makamansu. Na ce to wannan kam na yarda, a binne shi da zurfi.

Zuwa gidan Madam bai kai tsayuwa gaban jama'ata wuya ba. Ranar Litinin bayan magariba na ce kowa ya ɗan dakata. Na ce karatun da na yi daren Alhamis gaskiya ne a littafi, amma na yi shi da mugun nufi, a kan baiwar Allah da ba ta yi mini komai ba. Na tuna musu, na tuna wa kaina, cewa Suratul Hujurati ta umarce mu da bin diddigin labari kafin mu afka wa mutane cikin jahilci mu wayi gari muna nadama. Washegari na bi layi rumfa rumfa na warware abin da na ƙulla. Yawanci sun karɓa. Amma magana zarar bunu ce. Har yau akwai mutum ɗaya da in an ambaci Madam sai ya ce, "Wadda ta so kai Malam kotu?" Na gyara masa ya fi sau goma. Wannan tabon ni na yi shi, kuma da shi zan tafi.

Yaron shagona kuwa, da na tambaye shi, sai ya sunkuyar da kai ya ce shi ma bai gane ba, kunya ce ta hana shi faɗa, kada a ce ya yi sakandare a banza. Ban yi masa faɗa ba. Na gaya masa Imamu Malik, wanda duk muke bin mazhabarsa, mutane kan yi tafiyar watanni su zo masa da tambaya ya ce bai sani ba, kuma hakan bai rage shi da komai ba.

Wani zai ce, Malam, ai wannan ƙaramin abu ne. A Kano ko Katsina wataƙila ƙarami ne. A nan ba ƙarami ba ne. Garin nan ya taɓa zaɓen ɗan Arewa, Malam Umaru Altine, mai fataucin shanu daga ƙasar Sakkwato, ya zama magajin garinsa na farko. Garin nan ne kuma ya ga abin da ya biyo bayan 1966, da yaƙin da aka yi daga 1967 zuwa 1970. Duka biyun suna cikin ƙasar da muke takawa. Mun sani sarai cewa rigimar mutum biyu a bakin rumfa kan koma ta ƙabila biyu kafin la'asar. Ko sunan da wasunmu ke kiran mutanen nan da shi, wanda ba sa so, an ce daga jin maganarsu ta neman ruwan sha ya samo asali. Su ma sun ɗauki kalmarmu mai daɗi, aboki, wasunsu sun mai da ita ta raini. Rabin jin harshe ya daɗe yana yi mana ɓarna, mu da su.

Tun daga lokacin na sayi littafi mai bango ja na ajiye a shago. Duk maganar Turancin da na ji kalmominta sun saɓa da zancen da ake yi, sai in sa a rubuta mini, in tambayi 'yata ko wani malamin makaranta, in rubuta ma'anar da ajami a gefe. Ga kaɗan daga ciki, waɗanda na ga sun fi shafar zamanmu.

Na farko su ne masu kama da barazana. Yaron nan mai tsire da na ambata, ya roƙi wani mai gida ya bar shi ya kafa tukuba a bakin ƙofarsa, mutumin ya ce, "Over my dead body." Yaro ya ji gawa, ya zo yana huci wai an ce za a kashe shi, har ya fara tara abokai. Alhali gawar da ake zance ta mai maganar ce. Daidai yake da mu ce "sai dai bayan raina". Ƙi ne mai ƙarfi, amma babu kisa a ciki. Haka in malami ya ce wa ɗanka "break a leg" ranar gasa ko muhawara, ba baki ya yi masa ba. Fatan nasara ne, daga 'yan wasan kwaikwayo aka samo shi. In an ce "I am pulling your leg", zolayarka ake yi. In mai saye ya ce kayanka "cost an arm and a leg", kuka yake da ɗan karen tsada, babu mai yanke hannu ko ƙafa. In kuma aka ce "bite the bullet", duk da harsashin da ke ciki, ana nufin a cije a daure a yi abin da ba makawa.

Na biyu su ne na asibiti, kuma su suka fi ban tausayi. In likita ya fito ya ce "we lost him", kada ka ce a je a nemo shi. Rasuwa yake gaya maka. Na ga wanda ya tsaya yana tambayar ta wace ƙofa ɗan uwansa ya fita. In ya ce majinyaci "is not out of the woods", ba zancen daji ko iskokai yake ba, yana nufin da sauƙi amma har yanzu bai tsallake haɗari ba, kada a yi gaggawar ɗauke shi. "Under the weather" ɗan rashin jin daɗin jiki ne. In nas ta ce matarka "has put to bed", albishir ne, ta sauka. Sannan ina jan kunnen samarinmu masu son nuna Turanci: "kick the bucket" mutuwa ce, amma da sigar wasa, kamar mu ce wane ya sheƙa. Kada ka kuskura ka faɗe ta wurin ta'aziyya. A can "passed away" ake cewa, kamar yadda muke cewa ya riga mu gidan gaskiya.

Na uku su ne na kasuwa da ofis. In an ce a sa magana "in black and white", ana so a rubuta a takarda, kuma ina ba kowane ɗan kasuwa shawara ya so wannan, don addininmu ma ya ce a rubuta bashi. "Let me sleep on it" na nufin ba ni zuwa gobe in yi tunani, ba a ƙi ba, ba a karɓa ba. "Foot the bill" shi ne ɗaukar nauyin biya, saboda haka ka san abin da kake amsawa kafin ka gyaɗa kai. "Cut corners" ha'inci ne a aiki, a rage nan a rage can. "Beat about the bush" kewaye-kewaye ne. "Turn a blind eye" kau da kai ne da gangan. Wasu kuma kamar daga bakin kakanninmu aka ɗauko su: "from hand to mouth" shi ne hannu baka hannu ƙwarya, "raining cats and dogs" shi ne ruwa kamar da bakin ƙwarya, "bite off more than you can chew" shi ne ɗaukar Dala ba gammo.

Wannan na ƙarshen ya tuna mini wani abu. Kwanaki na ce wa autana, wanda a nan Obiagu aka haife shi, wane ya ɗauko Dala ba gammo. Yaro ya ce, "Baba, dala nawa? A ina ya canza?" Bai taɓa ganin dutsen Dala ba, bai san gammo ba, dalar Amurka kaɗai ya sani. Uwarsa ta yi dariya, ni kuwa jikina ya yi sanyi. Yadda na tsaya a gaban saƙon Madam, haka 'ya'yanmu za su tsaya a gaban maganar kakanninsu in mun yi sake. Saboda haka littafin nan mai jan bango yanzu daga baya ma ana rubutu a cikinsa: ni ina ba su karin maganar Hausa, su suna ba ni ta Turanci.

Abin da nake roƙon 'yan uwa kaɗan ne. In ka ji kalma ta faɗo cikin zance ba ta da dangi a wurin, ƙwallo a zancen wake, daji a zancen asibiti, to ka tsaya, akwai abin da ke ƙarƙashinta. Ka bari a karanta maka saƙo har ƙarshe. Ka tambayi mutum na biyu. In da hali ka tambayi mai maganar da kansa, ka ce, "Me kake nufi?" Da na ɗauki ko ɗaya daga cikin kira huɗun nan na Madam, da minti biyu sun kashe maganar. Ku kuma yaranmu 'yan boko da muke miƙa wa waya da takardun asibiti da na mai gida, amana ce a hannunku. In ba ku gane ba ku ce ba ku gane ba.

Madam har yau a wurina take ɗaukar wake. Tana turo saƙo da Turancinta na littafi kamar da, sai dai yanzu a ƙarshe takan ƙara da buroka cewa babu kotu a ciki. Littafin yana shago. Duk mai wata magana da ta ɗaure masa kai, ko mai wadda zai ƙara mana, ya same ni bayan la'asar.

Allah Ya ba mu fahimta, Ya tsare harsunanmu, Ya zaunar da mu lafiya da maƙwabtanmu.